Abin da nake zuba wa mussoshina a baho

Gidan da tsakar gidansa rairayi ne ba ya buƙatar wannan rubutu. Mussa za ta zaɓi lungunta da kanta, bayan rumbu ko gindin bedi, ta tona, ta yi abin da za ta yi, ta rufe, gobe da safe tsintsiya ta kwashe tare da kashin awaki. Haka muka tashi muka gani a tsofaffin unguwannin Maraɗi irin su Bagalam da Mokoyo da 'Yandaka. Matsalar ta waɗanda muka koma gidajen haya na sabbin unguwanni ce, inda mai gida ya malale ko'ina da siminti, ɗakuna ya shimfiɗa musu karo, wato tayil, bai bar ko tafin hannu guda na ƙasa ba. Ni a unguwar Zariya ta nan Maraɗi nake zaune, cikin irin wannan gida, da mussoshi biyu: Baƙa, wadda ta fara manyanta, da wani muzuru da yara suka sa wa Dogo. Ba don ado na ajiye su ba. Duk kaka maigidana yakan sayi hatsi da wake mu ajiye a ƙaramin ɗaki, kuma duk wanda ya taɓa ajiye buhu ya san aikin ɓera.

Mussa a gidan siminti sai an tanadar mata wuri. In ba a tanadar ba za ta nema da kanta, kuma abin da take nema shi ne duk wani abu mai laushi da ake iya tonawa: tulin wanki, bakin buhun gawayi, tukunyar fulawa, har dardumar salla in an bar ta a yashe. Mun san jikin mussa mai tsarki ne, ko ta sa baki a ruwa ba ya hana alwala da shi, amma fitsarinta da kashinta najasa ne, kuma surukata da muke zaune tare ba ta wasa da wannan. Ita ta yanke magana tun farko: "Ko dai ku yi musu wuri, ko a kai su gona." Na ce, "Inna, za a yi." Aka samo baho. Sai tambaya ta koma kan abin da za a zuba a ciki.

Da na bi asalin ƙasar nan ta bahon mussa da ake sayarwa a buhu, abin ya ba ni dariya. A Amurka ma, kafin 1947, toka da yashi suke zuba wa mussoshinsu. Wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan, Edward Lowe, shi ne ya ba maƙwabciyarsa busasshiyar laka mai shan ruwa, don yashinta ya daskare da sanyi, tokar da ta koma wa kuma tana cika mata ɗaki da sawun ƙafa. Abin ya karɓe ta, shi kuma ya shiga ƙullawa yana sayarwa. Irin wadda ke dunƙulewa in fitsari ya taɓa ta kuwa sai a 1984 ta shigo kasuwa, aikin wani masanin kimiyya mai suna Thomas Nelson. Wato mutanen da ƙanƙara ta hana su yashi ne suka ƙago madadinsa. Mu da iskar hunturu ke kawo mana rairayi har cikin kwanon tuwo, bai kamata mu ɗauka cewa lalle na buhu ya fi namu ba. Ita kanta mussar gida daga mussar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta samo asali, dabbar busasshiyar ƙasa ce. Abin da tafin ƙafarta ya sani shi ne ƙasa mai laushi, busasshiya, marar ƙamshi.

Duk da haka sai na ba mai dunƙulewar haƙƙinta. Laka ce da ake kira bentonait, ana haƙo ta, a busar, a farfasa ƙanana. Da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta riƙe juna. Dogo zai shiga ya shinshina, ya tona rami da ƙafar gaba, ya tsuguna, ya juyo ya ja ƙasa ya rufe, ya yi tsalle ya fice yana kaɗa ƙafa. In na zo bayan ɗan lokaci da ludayi mai huji irin na masu tuyar ƙosai, sai in ɗago curi guda kamar na fura, in ɗan girgiza, busasshiyar ta zube ta koma baho, curin ya tafi leda. Abin da ya rage tas yake. Fitsarin ya bar gidan gaba ɗaya, shi ya sa ba a jin wari. A wannan fanni babu abin da na gwada da ya kamo ƙafarta.

Samunta ne aiki. Ba kaya ba ne da za ka shiga babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a ka tabbata za ka tarar. Tawa ƙanwata ce ke sa mini a mota daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ko kuma in wani na dawowa daga Kano a roƙe shi ya riƙo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyakoki, abin da ya fi ƙasar mussa muhimmanci ma ya yi wuya, balle ita. Ta Nijeriya an buɗe a Maris 2024, amma hanyar Kwatano ta ci gaba da zama a toshe, kayan waje suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuma kowa ya ji a aljihunsa.

Nan ne fa maganata take. Ƙasa mai tsada tana sa hannu ya ƙanƙame. Na ga haka a gidan wata abokiyar aikina da ke ji da mussarta kamar me. Don kada buhu ya ƙare da wuri, sai ta zuba 'yar kaɗan, da ƙyar ta rufe gindin baho. Fitsari ya ratsa ya kai ƙasa, ya manne da roba, in an zo ɗagawa curin ya farfashe ya gauraye da sauran. Ga shi kuma ba ta son juye tsohuwar ta zuba sabuwa, sai dai ta ƙara a kai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, ƙwayoyin cuta ba sa ɓata lokaci wajen mayar da fitsari ya zama iskar amoniya mai yaji a hanci. Tun daga bakin ƙofa ake ji. Mussar kuma, da hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba, sai ta ƙaurace wa bahon ta koma bayan firiji. Bentonait tana son kauri, kamar yatsu uku zuwa huɗu, santimita 6 ko 7, sannan curi ke haɗuwa bai taɓa gindi ba. Wanda ba zai iya zuba haka ba tare da jin ciwo a ransa ba, gara ya nemi abin da ba ya ƙyashin zubarwa. A garin zafi, yawan sauyawa ya fi irin ƙasar tasiri.

Akwai kuma abubuwa biyu da za a kiyaye da ita. Kada a zuba curin a masai mai bututu, don abin da ya sa ta kumbura a baho shi zai sa ta kumbura a bututu, sai an kira mai gyara ya fasa. Sannan ba a sa wa 'yan jariran mussa, waɗanda ke ɗanɗana duk abin da suka gani. In suka haɗiye tana iya toshe musu hanji. Wasu buhunan kuma ƙura gare su sosai. In kana juyewa ka ga farin hayaƙi ya tashi har ka yi tari, ka tuna ita mussa hancinta a ciki yake kullum.

Mai turare ban ga amfaninta ba. Don hancin mai saye aka yi ta, kuma ƙamshin fure a kan fitsarin muzuru wani sabon wari ne daban. Baƙa ko kusa ba ta zuwa.

Akwai farar nan mai ƙyalli, silika, irin abin da ke cikin 'yar ƙullin da ake samu a kwalin sabon takalmi. Tana shanye fitsari ta riƙe, sai dai a riƙa kwashe kashi ana juya ta, in ta ƙoshi a zubar duka. Ba ta da nauyi, amma tsadarta ta fi ta laka, tsakuwoyinta kuma suna da kaifi a tafin ƙafa. Akwai ta katako da aka matse 'yan sanduna-sanduna, in ta jiƙe ta koma gari. Akwai ta takarda, wadda ta dace da mussar da aka yi wa aiki don ba ta shiga ciwo. Akwai ta masara da ta alkama. Har da wadda ake yi da dusar waken suya, wannan dai da masu awara ke tacewa su ba tumaki. Ta burge ni da na ji, amma duk abin da asalinsa abinci ne, a ɗakin da ake ajiye hatsi, cikin laimar Agusta, gayyatar ƙwari da fumfuna ne. Ni da na ajiye mussa don ta tsare mini buhu ba zan kawo abin da zai kira wasu ɓarayin ba.

Wannan dalilin ne ya sa na bar ɓawon gyaɗa, duk da cewa a garin da gyaɗa ta gina ba a rasa shi da kaka. Ba ya shan ruwa yadda ake zato, fitsari ratsawa yake ya kwanta a ƙasa, in ya kwana biyu a jiƙe ya yi baƙi, kyankyasai su samu gida. Ɓuntun shinkafa ma kusan haka. Garin katako na wajen kafintoci ya fi su shan ruwa, kuma kyauta ake ba ka in ka zo da buhunka, sai dai ba ka san wane katako aka yanka ba. Wani an shafa masa maganin gara, wani allon da aka haɗa da gam ne, ga 'yan ƙusoshi. Mussa kuwa duk abin da ya manne mata a ƙafa da harshe take wanke shi. Ga rashin nauyi: da hunturu iska ɗaya ta isa ta watsa shi har cikin randa. Dogo bai damu ba, shi ko'ina shiga yake. Baƙa kuwa sai ta ɗora ƙafafu huɗu a gefen baho tana lilo, don kada ta taka.

Inna ta kawo shawarar toka, da yake ita ake zubawa a masai don kashe wari. "Mu da ita muka saba," in ji ta. Gaskiya ne a masai tana aiki. A bahon mussa kuwa toka na da kaifi irin na kanwa, in ta haɗu da fitsari ƙara tayar da yajin take, ta koma caɓi, sannan a bi ɗaki da sawu baƙi-baƙi, wannan dai abin da ya kori matar Mishigan. Dakakken yumɓu na masu tukwane ma ba bentonait ba ne, taɓo kawai yake zama.

Sai yashi, wanda a kansa na tsaya. Amma ba kowane ba. Rairayin bakin titi ba na ɗiba: karnuka da mussoshin unguwa sun riga ka, akwai ƙwan tsutsar ciki, akwai ƙuma, akwai fasasshiyar kwalba. Lallausar ƙurar da iska ke tarawa a gindin katanga ita ma ba ta yi, da ta jiƙe sai ta manne. Yashin gulbi nake so, irin wanda magina ke shafe da shi. Gulbin Maraɗi da damina kawai yake gudu, sauran watanni a bushe yake, masu amalanke na shiga suna ɗebowa. Akwai wani dattijo da ke kawo wa masu gini a layinmu. Ranar farko da na tsayar da shi ya dubi gidan ya ce, "Malama, ɗaki za a ƙara?" Na ce, "A'a Baba, na mussa ne." Ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya ce, "To, Allah Ya ba mu lafiya." Har yau in ya sauke sai ya tambaya ko masu gidan sun gode.

In ya juye a ƙofar gida, yara su shigo da shi a bokiti. Ina da raga da kafinta ya buga mini a katako, da ita nake tankaɗe tsakuwa da ƙaya da guntun leda. Sai in baza a kan tsohon kwanon rufi a tsakiyar rana, in riƙa juyawa, har ya kai in ka tura hannu ba ka iya barinsa ciki. Ba na cewa rana ta kashe komai, shi ya sa tun farko nake damuwa da inda aka ɗebo. Abin da na tabbata shi ne tana busar da shi ƙarau, kuma busasshen yashi shi ne rabin aikin. In ya huce in ɗura a buhunan da suka ƙare, in ɗora a kan bulo don kada ya ja laima daga daɓe.

Yashi ba ya dunƙulewa kuma ba ya riƙe wari, wannan kada a yaudari kai. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka wurin da ya jiƙe, ya yi duhu. Safe da yamma nake zuwa da ƙaramin shebur marar huji in kwashe wurin duka har ƙasa, in cike gurbin da sabo. Da zafi ba na barin baho ya wuce kwana biyu ko uku ban juye shi gaba ɗaya ba, da hunturu yakan ɗan ƙara. Hannuna ba ya rawa wajen zubarwa, domin kuɗin buhu guda na bentonait zai saya mini yashin watanni. Aibinsa nauyi. Baho cike da jiƙaƙƙen yashi ba kayan yaro ba ne, kuma dole ka san inda za ka kai shi. Ba a watsa shi a titi inda yara ke wasan ƙasa, ba a zuba shi a fangalin salati ko tumatir. Mu a buhu muke tarawa mai kwasar shara ya tafi da shi.

Damina ce ke karya wannan tsari. Daga Yuli zuwa farkon Satumba gulbi ya kawo, amalanke ba ta shiga, wanda aka tara a waje ya jiƙe, ranar shanya kuma ba kullum ba. Don haka tun watan Mayu nake cika buhuna. Buhun bentonait ɗin da ke zuwa daga Yamai kuma ga Agusta nake ajiye shi, lokacin da ƙofofi ke rufe, iska ba ta ratsa gida, wari ke kwanciya. A watan nan kaɗai nake zuba ta da kaurinta ba tare da lissafi ba. Sauyin ma ba a yi wa mussa shi rana ɗaya. Ana fara barbaɗa sabuwar a kan wadda ta saba da ita, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako guda. Wanda yake shakkar abin da tasa ke so, ya ajiye baho biyu gefe da gefe, kowanne da irinsa, zai ga wanda ake shiga.

Shi kansa bahon, nawa jarkar mai ce ta lita 25 da aka kwantar aka yanke gefe guda, aka goge bakin don kada ya yanka, aka wanke sosai. Ya kamata tsawonsa ya kai tsawon mussa da rabi don ta iya juyawa. Likitocin dabbobi sukan ce a ajiye baho gwargwadon yawan mussoshi a ƙara ɗaya. Ni biyu gare ni, baho uku, biyu a ƙarƙashin rumfa, ɗaya a lungun bayan madafa, nesa da inda suke ci da sha. Mai murfi ban ba da shawara ba a zafin nan. A ƙarƙashin kowanne na shimfiɗa buhun algarara, shi ke kama yashin da ke bin ƙafa kafin ya kai ɗakin Inna.

Wanki da ruwa da sabulu ya isa, a kife a rana. In za a sa ruwan jabel, wato bilic, sai an fara ɗauraye fitsarin tas, domin haɗuwarsa da amoniya na tayar da iska mai cutar da huhu. Magungunan wanke daɓe irin waɗanda ke komawa fari in an zuba su a ruwa kuwa, da yawansu guba ne ga mussa, hantarta ba ta iya sarrafa su. Ba na kusantar da su wurin.

Mace mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. Akwai wata ƙwayar cuta, toksoplasma, da ke iya fitowa a kashin mussa, tana kuma iya cutar da abin da ke ciki. Ba ta zama mai kamawa sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5, wanda shi ma dalili ne na kwashewa kullum. Da ƙanwar maigidana ta zo mana da tsohon ciki, Inna ta so a ba da mussoshin gaba ɗaya. Ba sai an kai nan ba. Ita dai ba ta taɓa baho, mai kwashewa ya sa leda a hannu ya wanke da sabulu, a kuma dafa nama ya nuna, a wanke ganye da kyau, don ta nan ma ana ɗauka.

Wani amfanin kwashewa da hannunka shi ne kana ganin lafiyarsu. In wurin fitsarin tsohuwar mussa ya fara faɗi fiye da da, tana kuma yawan shan ruwa, a duba ƙoda ko ciwon suga. Shi ya sa nake lura da na Baƙa. Muzuru kuwa in ka ga yana shiga yana fita, yana tsugunawa yana nishi ba abin da ke fitowa, ko ɗigo da jini, mafitsara ce ta toshe, kuma kwana ɗaya zuwa biyu na iya kashe shi. Wannan ba a jira gobe, wurin likitan dabbobi za a nufa.

Abin da har yanzu ban gama da shi ba shi ne tonon Dogo. Yana haƙa ne kamar zai fita ta ƙasan jarkar, rabin yashin a waje yake ƙarewa, buhun algarara ba ya isarsa. Na ba mai walda rabin durom ɗin roba ya yanke mini da bango mai tsawo, ya bar ƙofa ƙasa-ƙasa ta gefe guda saboda Baƙa, da yanzu tsalle ya fara yi mata wuya. Ya ce in zo ran Asabar.